Ƙurjin da Ya Sauke Ni Daga Limanci

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda kakanku ya sari dajin da ya zama gonarmu, na rubuta karatuna da aurena da mahaifiyarku, duk alƙalami yana gudu. Da na iso shekarar da na daina jan salla a masallacin unguwarmu, sai na rufe littafin, wata biyu ban taɓa shi ba. Abin da ya sa na sake buɗewa shi ne maganar da kai Habibu ka yi ranar sunan ɗiyar Zainabu. An ce a kai wa Baffanku Sabi'u nama, ka ce a gaban mutane wanda ya ƙwace wa ubanka masallaci ba ya cin naman gidan nan. Ban tanka maka ba, domin ni na koya maka wannan maganar da shirun da na yi shekara goma sha uku. Saboda haka ku karanta da haƙuri. Akwai abin da uba ba ya son faɗa wa 'ya'yansa a ciki, kuma zan kira shi da sunansa.

Shekarar ita ce ta biyu da muka bar noma gonar bakin daji saboda 'yan bindiga. Duk mutanen ƙauyenmu, nan yankin Tabanni, sun matso gonakin kusa da gida, ƙasar kuwa ba ta isa ba. Ni da Sabi'u uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni ne babba, ni ne liman tun rasuwar kakanku, shi kuma na'ibina. A farkon daminar nan mun yi sa-in-sa a kan iyakar gonar bayan gida, a gaban masu huɗa, har na ɗaga masa murya. Kafin rana ta faɗi mun shirya, ya aiko mini da irin masara. Amma mutane sun ga faɗan, ba su ga sulhun ba. Kai Habibu a lokacin kana Kaduna wajen koyon gyaran mota, ke Zainabu ba ki daɗe da tarewa a Saminaka ba, ƙannenku kuwa ba su kai su gane komai ba.

Ana tsakiyar maimai abin ya fara. Wani zafi ne a gefen dubura, kamar ƙaya ta karye a cikin nama. A wurinmu duk abin da ya sami mutum a wannan waje sunansa basir, ko jini ne, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, don haka ni ma na ce basir ne. Ranar kasuwa na sayi jiƙo a hannun masu tallar magani da lasifika, na sha, ya sa ni gudawa, gudawar ta ninka mini azaba. Kwana na uku wurin ya kumbura, ya yi tauri da ɗumi, yana zogi ba ya tsayawa. Ko tari sai na shirya masa. Abin da ya fi wuya shi ne zaman tahiya: in karkace a kan cinya ɗaya, in gaggauta, in yi sallama gumi yana bin bayana. Mahaifiyarku Rakiya, Allah ya jiƙanta, ba ta da yawan tambaya, amma ba abin da yake wuce ta. Ta ajiye mini tuwon rana ta tsaya.

"Malam, kwana uku ke nan kana cin abinci a tsaye."

"Basir ne ya motsa."

"Basir ba ya sa mutum rawar ɗari da rana tsaka. Ka je wurin Ayuba."

Ayuba kun san shi da furfura, amma a lokacin yana da ƙarfinsa. Ɗan Gbagyi ne, Kirista, shi ke riƙe da ɗakin shan maganin ƙauyenmu, kuma gonarsa ta doya tana maƙwabtaka da tamu. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya fitar da sirrin mara lafiya ba. Duk da haka na kasa. Na riƙa tunanin yadda zan kwance tazuge a gaban mutumin da ke rusuna mini kullum yana cewa Baba Liman, gobe kuma mu haɗu a kan kunyar gona. Akwai wani tunanin da ya fi wannan muni, wanda ban faɗa wa ko mahaifiyarku ba: ni da nake koya wa mutane tsarki, a ce ciwo ya fito mini a nan. Gani nake duk wanda ya ji zai ce ƙazanta ce.

Sai na sa aka kai ni a babur wani ƙauye mai nisa inda ba a san ni sosai ba, wurin wani wanzami. Ba zan zarge shi ba, abin da ya gada ya yi. Ya tsaga wurin kaɗan da aska, mugunya ta fito mai wari, nan take na ji kamar an sauke mini buhu daga kai. Ya barbaɗa garin magani, ya ce kwana uku zai rufe. Ya kuwa rufe. Na koma gona, na koma masallaci, na ce wa mahaifiyarku ga shi Allah ya kawo sauƙi ba tare da an tona wa kowa asiri ba. 

Mako uku bai cika ba ya dawo, ya fi na farko girma. Ranar wata Laraba, a sallar la'asar, a sujadar raka'a ta uku, na ji abu ya fashe. Ɗumi ya bi cinyata. Na ƙarasa sallar ban san abin da nake karantawa ba. Da na yi sallama ban juyo na fuskanci mutane kamar yadda na saba ba, na zauna ina jan carbi har sahu ya watse. Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Sabi'u yana bayana kai tsaye, ya ga abin da ya ɓata mini riga. Ya cire babbar rigarsa ya yafa mini a kafaɗa, sannan ya zauna kusa da ni.

"Yaya, tun yaushe?"

Na gaya masa duka. Mu biyun mun yi karatu a wurin malami ɗaya, mun san hukuncin. Wanda ciwo ke tsiyaya a jikinsa ba ya tsayawa, an yi masa rangwame a sallarsa. Amma ya ja wa masu lafiya salla, wannan malamanmu sun ce makaruhi ne. Na ce masa daga magariba shi zai riƙa shiga gaba.

"To. Sai a gaya wa jama'a Liman ba shi da lafiya, su yi addu'a."

"In an ce ba lafiya za su tambayi mene ne. Za su zo dubiya, za su ga ba na zama. Ba wanda zai ji."

"Yaya, ciwo ne. Kai kake gaya wa mutane ciwo kaffara ne."

"Ba fatawa na tambaye ka ba. Alƙawari nake so. Ba wanda zai ji daga bakinka, ko da matarka ce."

Ya dubi tabarma, sannan ya ce, "Na ba ka."

Da magariba na tsaya na ce daga yau Malam Sabi'u zai riƙa jan mu. Ban ƙara kalma ɗaya ba. Washegari ma ban je masallacin ba, don yoyon bai tsaya ba, kuma ina tsoron wanda ke kusa da ni a sahu ya ji wari. Na koma salla a ɗaki. Yanzu ku dubi abin da mutane suka gani. Wa da ƙani sun yi faɗa a kan gona. Bayan 'yan makonni wan ya sauka ba dalili, ya daina zuwa masallacin da ƙanin yake jan salla, yana ramewa, ba ya karɓar baƙi. An tambayi ƙanin, ya ce a tambayi Yaya. An tambayi Yaya, ya ce ba komai. Ba a yi kwana goma ba maganar ta tsaya a kan cewa Sabi'u ya yi mini asiri. Wasu dattawa biyu suka koma salla a masallacin kasuwa. Mata suka daina amsa gaisuwar matarsa a bakin famfo. Duk wannan yana zuwa kunnena ina kwance a kan tabarma, rigingine ba ya yiwuwa, sai rubda-ciki. Na riƙa cewa da na warke zan gyara.

Ban warke ba. Bakin ciwon ya sake toshewa, kumburin ya bazu, zazzaɓi ya kwantar da ni har fitsari ya fara yi mini wuya. Wata safiya mahaifiyarku ta yafa mayafi ta fita ba ta nemi izinina ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ta dawo da Ayuba a bayanta, riƙe da jakarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, in laifi ne ka yi mini faɗa bayan ka tashi."

Ta fita ta ja labule. Ayuba ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya sa safar hannu, ya ce in kwanta a gefe in naɗe gwiwa. Abin da na yi wata biyu ina gudu bai ɗauki minti biyu ba. Ya rufe ni da zane kafin ya yi magana.

"Baba Liman, wannan ba basir ba ne. Basir jijiyoyin jini ne suke kumbura. Wannan ƙurji ne, mugunya ce ta taru a cikin nama. A cikin dubura akwai wasu 'yan ramuka ƙanana masu fitar da danshi. In ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta suka taru a ciki, sai ya ruɓe ya nemi hanyar fita."

"Rashin tsarki ne ke kawo shi?"

Ya dube ni, ina jin ya gane daga ina tambayar ta fito. "A'a, Baba. Yana samun mai tsafta da marar tsafta. Ba wani abu ka yi ba."

Na ce to ya ba ni ƙwaya ko allura in yi jinya a gida. Ya ce ƙwaya ba ta shiga cikin mugunya ta kwashe ta, dole sai an buɗe an fitar. Na ce ai wanzami ya buɗe. Ya ce ya buɗe ƙofa ƙarama, kuma bakin ya rufe ciki bai warke ba, shi ya sa ya sake tarawa. Sannan ya tambaye ni ko ina yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari. Kafin in amsa, mahaifiyarku ta ce daga bayan labule ai ya fi shekara randa ba ta kwana da ruwa. Ni na ɗauka aikin gona ne. Ya soki ɗan yatsana, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ya duba ya sake dubawa.

"Kana da suga, Baba, kuma ya hau sosai. Shi ke ba ƙurjin ƙarfi, shi ke hana shi warkewa. Jan nan da ya fara bazuwa zuwa cinya shi ne ba na so. In ya shiga jini, ko ya fara cin nama, ba a ɗaukar kwanaki. Yau za a tafi Birnin Gwari, ba gobe ba."

A shekarun nan hanyar gari da safe ake bin ta, motoci a jere, kowa idonsa yana kan daji. Ayuba ya samo wata mota da ta ɗauko masara sabuwa, aka shimfiɗa mini katifa a baya. Ana cikin ɗora ni Sabi'u ya iso da 'yar jakarsa da buta, ya shirya bin mu. Na ce ya koma. In ya bi ni, wa zai ja salla, kuma in ya dawo kowa zai tsare shi da tambayar abin da likita ya ce.

"Yaya, in ban bi ka ba ka san abin da za a ce."

"Ka koma, Sabi'u."

Ya koma. Abin da aka ce kuwa kun ji shi tun kuna yara: an kwashi wansa ranga-ranga zuwa asibiti, ko rakiya bai yi ba. Ni na hana shi. Ku rubuta wannan a zukatanku.

A asibitin gari wani likita ne ya duba ni, yaro, bai fi sa'an Habibu ba. Ya yi mini magana kamar ciwon a tafin hannu yake. Da yamma aka shiga da ni ɗakin tiyata, aka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Ina jin motsin hannunsu ba na jin zafi. Ya faɗaɗa wurin, ya kwashe mugunyar duka, ya wanke. Da na ga bai ɗinke ba na tambaye shi ko ya manta. Ya yi murmushi ya ce da gangan ne, irin wannan ciwon a buɗe ake barin sa, ya cika daga ciki ya fito waje, in aka rufe bakin an koma gidan jiya. Zafin da ya hana ni barci wata biyu ya tafi a rana ɗaya. Na kwana shida a can, ana yi mini allurar kashe ƙwayoyin cuta saboda jan da ya bazu, ana kuma saukar da sugan. Canjin bandeji na kwanakin farko yana da zafi, ba zan ɓoye muku ba, amma bai kai rabin abin da na ɗora wa kaina a gida ba.

Sauran jinyar mahaifiyarku ce ta yi ta. Ta sayi sabon baho ta ware shi. Safe da yamma, da kuma duk lokacin da na zaga, ta dafa ruwa ta sirka ya yi ɗumi-ɗumi in zauna a ciki. Ta raba ni da shayi mai sukari da kunun da nake so, ta cika mini kwano da zogale da kuɓewa da ganyen wake don kada bayan gida ya yi tauri, ta rage mini malmalar tuwo ina kallo. Wanduna kuwa a bayan ɗaki take wanke su, ta shanya inda ba mai gani. Ayuba yana zuwa duk bayan kwana biyu ya duba. In an tambaye shi a hanya sai ya ce ya zo gaishe da maƙwabcinsa.

Ciwon ya cika, ya rage wani ɗan rami kamar ƙwayar gero wanda ya ƙi rufewa, kullum yana ɗiga. Likitan ya riga ya faɗa mini hakan tana faruwa ga wasu. Ya ce 'yar hanya ce ta rage tsakanin cikin dubura da fatar waje, ita ce ke yoyo, kuma ba ta rufewa da kanta. Bayan an gama girbi muka bi hanyar Funtua zuwa babban asibiti a Zariya. Can suka ce hanyar ta ratsa naman da ke riƙe bayan gida, in aka tsaga shi lokaci ɗaya mutum zai iya kasa riƙewa. Sai suka zura wani zare ta cikinta suka ɗaure, na yi makonni da shi, sannan suka ƙarasa aikin. Kafin ruwan farko na sabuwar damina na warke sarai. Tun daga nan bai sake dawowa ba.

Da jinyar ce kaɗai labarin, da na gajarta muku shi. Bayan na warke dattawan unguwa su biyar suka zo zaure. Suka ce sun ga Allah ya karya abin da aka yi mini, in koma gaba, su za su gaya wa Sabi'u ya ja baya. Ƙofa ce Allah ya buɗe mini. Kalma kaɗan ce: ƙurji ne ya fito mini a dubura, ni na roƙe shi ya karɓa, ni na sa shi ya yi shiru. Na buɗe baki, na dubi fuskokinsu, na tuna gobe za a maimaita maganar a majalisa da wurin mai shayi. Sai na ce su bar Sabi'u, ya fi ni ƙarfi yanzu, ni na yafe. Na tashi daga wurin ina ganin na yi karamci, na bar wa ƙanina limanci. Su kuwa kalma ɗaya suka ji, na yafe. Ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Da bakina na tabbatar musu da abin da suke zargi.

Na koma sahu a bayansa, muna gaisawa, muna zuwa jana'iza tare, ina cewa lokaci zai shafe maganar. Sau ɗaya ya taɓa zuwa mini da ita. Bayan shekara huɗu ne. 'Yarsa ta fari, Hadiza, wani yaro ɗan gidan mutunci ya nema, suna son juna, har an kawo gaisuwa. Sai dangin yaron suka janye, suka ce ba za su haɗa jini da gidan da ake yi wa ɗan'uwa asiri ba. Sabi'u ya same ni a gona da hantsi, ya tsaya a kan kunya.

"Yaya, ban taɓa roƙonka ba. Ka sake ni daga alƙawarin nan, ko kai ka faɗa. Ba don ni ba, don yarinyar."

Na ce ya ba ni 'yan kwanaki in ga yadda zan ɓullo wa abin. Ya ce to. Kwanakin suka zama mako, mako ya zama wata. Yaron ya auri wata. Hadiza ta yi shekara biyu a gida, daga baya ta auri wani a Dogon Dawa, nesa da inda aka san maganar, a lokacin da mutane ke fitowa daga can saboda 'yan bindiga, ba shiga ba. Sabi'u bai sake tayar mini da zancen ba, bai kuma karya alƙawarin ba. Mahaifiyarku ce kaɗai ta faɗa mini gaskiya, ranar da aka tafi da Hadiza. Ta dawo daga rakiyar amarya ta zauna ba ta cire mayafi ba.

"Malam, ni na wanke wandunanka wata takwas, ban ga abin kunya a ciki ba. Abin kunyar yau na gan shi."

Sau biyu ta nemi in bar ta ta gaya wa matar Sabi'u, na hana. Ta rasu da maganar a cikinta.

Na sha tambayar kaina me nake karewa. Ba mutuncin addini ba ne, don addini bai ce ciwo aibi ba ne, kuma na fi kowa sani. Hoton da nake so mutane su riƙa gani ne, Liman mai fararen kaya wanda jikinsa ba ya yin abin da jikin kowa ke yi. Don wannan hoton na kusa rasa raina, kuma shi na sa ƙanina ya ɗauka a ka.

Makon da ya wuce, bayan sallar azahar, na tashi na roƙi jama'a su ɗan dakata. Na faɗi abin da na rubuta muku nan, a taƙaice, da sunan ciwon da inda ya fito. Ba wanda ya yi dariya. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi yaɗa maganar sun riga mu gidan gaskiya, matasan kuma kallona kawai suke yi. Da aka watse wani magidanci ya biyo ni har ƙofar gida, ya rage murya ya ce shi ma shekara biyu ke nan yana fama da irin wannan yoyon, yana shan maganin basir. Na ce masa gobe da safe ya tafi asibiti, kada ya tsaya wurin kowa. Ku ma abin da nake gaya muku ke nan. Duk wanda ya ji kumburi mai zogi a wannan waje, musamman in da zazzaɓi, kada ya kira shi basir ya zauna, kada ya bari a tsaga masa a gida. Ya nuna wa likita tun yana ƙarami.

Sabi'u ya fita daga masallacin ya wuce gida. Da la'asar ta yi sanyi na ɗauki littafin nan na same shi a zaurensa. Idanunsa sun yi rauni yanzu, don haka ni na karanta masa, tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in koma wajen maganar suga.

"Ka ƙara musu cewa yana bin jini. Ni ma an same shi a jikina bara. Su je a auna su, dukansu, har matan."

Na ce zan ƙara, ga shi na ƙara. Sannan na nemi gafararsa. 

"Tawa na ba ka tun ranar da na koma da jakata, Yaya. Ban riƙe ka da komai ba. Amma ta Hadiza ba a hannuna take ba."

Tana Dogon Dawa da 'ya'ya huɗu. Ban taɓa taka gidanta ba. Ban san ko za ta saurare ni ba, kuma in ta ƙi ba ta yi laifi ba. Habibu, ranar Alhamis ka zo da mota da sassafe. Kai za ka kai ni, kuma ina so ka shiga tare da ni ka ji abin da zan faɗa mata.